KAIFI YA FI DAFI: TSOKACI A KAN ZAƁEN KAN KIBIYA DA WASA SHI

Gabatarwa

Harbi yana ɗaya daga cikin tsofaffin sana'o'in Bahaushe, kuma har yau akwai garuruwa da dama da za a shiga a tarar da Sarkin Baka da jama'arsa. Bahaushe ya bambanta farauta da harbi. Farauta ita ce ta gayya, wadda samari kan fita da rani da karnuka da gora da barandami, ana kiɗa ana kirari. Harbi kuwa aikin mutum ɗaya ne, wanda zai rataya kwari, ya ɗauki baka, wani lokaci ya ɗaura burtu a goshi, ya yi ta sanɗa har ya kusanci nama. An yi rubuce-rubuce a kan kirarin maharba da camfe-camfensu da magungunansu, amma ba kasafai ake tsayawa a dubi ɗan ƙarfen nan da ke kan kibiya ba, alhali kuwa duk cikin kayan da maharbi ya ɗauko daga gida shi ne ke fara taɓa jikin dabba.

Wannan maƙala za ta dubi wannan ɗan ƙarfe. Ra'ayin da take ɗauke da shi shi ne, maharbin da ya zaɓi riƙe kwari da baka a wannan zamani ya kamata ya dogara ga kaifin kibiyarsa fiye da dafin da ya shafa mata, ya zaɓi kai mai faɗi mai yanka, kuma ya koyi wasa shi da hannunsa. Za a kawo hujjoji daga yanayin jikin dabba, da shari'ar Musulunci, da kuma abin da maharban wata ƙasa suka gano, sannan a saurari abin da masu dafi za su ce.

Kibiyar Bahaushe Da Dalilin Dafi

Kibiyar da aka gada a ƙasar Hausa ba ta da nauyi. Jikinta na kyauro ne, ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi, kanta kuwa siririn ƙarfe ne wanda maƙeri ya fitar wa kunnuwa masu kallon baya, aka cusa wutsiyarsa cikin kyauron aka naɗe. Irin wannan kibiya ba a yi ta don ta ratsa dabba ba. An yi ta ne don ta huda fata, kunnuwan su riƙe ta cikin nama, dafin da ke jikinta ya sami lokacin bin jini. Wato dai ƙarfen ɗan aike ne, dafin shi ne saƙon.

Babban abin da aka sani cikin dafin kibiya a wannan yanki shi ne kwankwani. Masana magunguna sun tabbatar cewa 'ya'yansa suna ɗauke da sinadarin da ke kama zuciya ya hana ta bugawa yadda ta saba, har ma likitocin Turai sun taɓa yin maganin ciwon zuciya da ɗan kaɗan daga cikin irinsa tun a ƙarni na 19. Babu mai musun cewa wannan ilimi ne mai zurfi, kuma ya yi wa mutanen da amfani, a daji da fagen fama. Tarihi ya nuna cewa a yaƙin Tabkin Kwatto na 1804 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne suka tari dawakin Gobir. To amma abin da ake bukata ga kibiyar yaƙi daban yake da abin da ake bukata ga kibiyar neman abinci. A fagen fama ko ƙwarzane ya isa, tun da manufa ita ce a hana abokin gaba sake ɗaga takobi. A daji kuwa abin da aka harba za a kai gida ne a sa a tukunya, kuma mai rai ne wanda bai yi wa kowa laifi ba.

Yadda Kibiya Ke Kisa

Harsashi yana kisa da ƙarfin bugu, kibiya kuwa ba ta da wannan ƙarfi. Idan babu dafi, hanya ɗaya take da ita, wato ta yanke jijiyoyin jini. Idan kai mai faɗi mai kaifi ya shiga ta bayan kafaɗar barewa ya ratsa huhu biyu, jini kan zuba da sauri, dabbar ta yi 'yar gajeriyar tafiya ta faɗi, sau da yawa cikin daƙiƙoƙi. Idan kuwa kan ya dakushe, labari ya sha bamban. Jijiyar jini aba ce mai santsi da taushi kamar roba, dakusasshen ƙarfe yakan ture ta gefe ya wuce ba tare da ya yanke ta ba. In ma ya yaga ta, yagaggen rauni ya fi saurin daskarar da jini a kan yanka mai tsabta. Duk wanda askar wanzami ta taɓa kuskure masa ya san yadda ɗan ƙaramin yanka kan daɗe yana zubar da jini, alhali babban ƙujewar faɗuwa a kan tsakuwa kan tsaya nan da nan.

Sakamakon dakusasshiyar kibiya shi ne dabba ta gudu da rauni, babu jinin da za a bi a ƙasa, ta shiga sarƙaƙiya ta kwana tana wahala, daga bisani ta mutu inda kura da ungulu ne kawai za su amfana. Maharbi ya yi asarar kibiya, iyalinsa sun yi asarar nama, daji ya yi asarar dabba. A zamanin da gwanki da kanki suka yi ƙaranci, har sai an je wurare irin su gandun dajin Yankari, wanda aka keɓe tun 1956, kafin a gan su da yawa, irin wannan asara ta wuce a ce tsautsayi ne kawai.

Abin Da Shari'a Ta Tanada

Mafi yawan maharban ƙasar Hausa a yau Musulmi ne, saboda haka tambayar farko ita ce ko naman ya halatta. Suratul Ma'ida ta lissafa dabbar da aka buge ta mutu cikin abubuwan da aka haramta. Haka kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Adiyyu ɗan Hatim ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da wani makamin jifa, aka ba shi amsa da cewa abin da makamin ya sama da kaifinsa ya huda a ci, abin da kuwa ya buge da gefensa kada a ci. Wannan ya nuna cewa a wurin shari'a kaifi shi ne ke tsayawa a matsayin wuƙar yanka ga dabbar dajin da ba a iya kamawa. Yaron da ya harbi kurciya da kunda, wato kibiyar nan mai dunƙulallen kai, dole ya riske ta da rai ya yanka, in ba haka ba ta zama mushe.

Malaman mazhabar Malikiyya sun yi magana a kan dafi ma. A cikin Muhtasar na Halil an ambaci makami mai guba cikin abubuwan da ke sa shakka, domin idan aka tarar da dabbar ta riga ta mutu ba a san ko ƙarfen ne ya kashe ta ko dafin ba, kuma ba a cin abin da ba a tabbatar da halaccin mutuwarsa ba. Shi ya sa maharbi mai dafi ke bin nama da gudu da wuƙa a hannu don ya riske shi da sauran rai, sannan ya yanke tsokar da ke kewaye da raunin ya zubar. In ya makara, wahalarsa ta tashi a banza. Mai kibiya mai kaifi kuwa, wanda ya yi bisimilla lokacin da ya saki tsirkiya, in ya tarar kibiyarsa ta riga ta gama aiki a makasa, namansa halal ne.

Daɗin daɗawa, duk ɗalibin da ya karanta Arba'una Hadisi ya san hadisi na 17, wanda ya yi umurni da kyautatawa a cikin kowane abu har da kisa da yanka, ya kuma ce mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Idan an ɗora wa mahauci wannan nauyi a kan ragon da ke ɗaure a gabansa, yaya za a sauke wa maharbi shi a kan gadar da ke iya gudu da rauni?

Abin Da Maharban Amurka Suka Gano

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake harbi da baka ba. A Amurka, ƙasar da bindiga ta yi yawa, akwai jama'a masu yawa da suka zaɓi baka irin ta da, kuma tarihinsu yana da abin koyi. A 1911 wani mutum da aka sa wa suna Ishi, wanda shi ne na ƙarshe a ƙabilar Yahi ta mutanen asalin ƙasar, ya fito daga dajin Kalifoniya. Likitan da ke duba shi, Saxton Pope, ya zauna ya koyi sassaƙa baka da haɗa kibiya da sanɗa a wurinsa har Ishi ya rasu a 1916. Pope ya rubuta littafi a kan harbi da baka a 1923, kuma daga wannan tushe ne sha'awar ta yaɗu, har jihar Wiskonsin ta keɓe wa masu baka lokacin harbinsu na musamman a 1934. Abin lura shi ne, likita mai digiri bai ji kunyar durƙusawa gaban mutumin daji ya ɗauki karatu ba.

Dokokin yawancin jihohin ƙasar sun hana dafi, da yawa kuma sun hana kai mai kunnuwa, suka kuma ƙayyade cewa faɗin kan kibiyar manyan dabbobi kada ya gaza kimanin milimita 22. Dalilin hana kunnuwa shi ne, idan harbi bai sami makasa ba, kai marar kunne yakan zame ya fita, raunin ya warke, dabbar ta rayu. Da yake ba su da dafin da za su jingina da shi, sai suka mai da hankali ga ƙarfen. Wani likitan ido mai suna Ed Ashby ya fara gwaje-gwaje a lardin Natal na Afirka ta Kudu a shekarun 1980, ya ci gaba da su a kan ɓauna a Ostareliya, yana rubuta abin da kowace kibiya ta yi idan ta haɗu da fata da nama da ƙashi. Abin da ya sa a gaba da komai shi ne ƙwarin kibiya, wato kada kai ya lanƙwashe ko ya karye, sai kuma miƙewarta a iska. Ya kuma gano cewa kibiyar da nauyinta duka ya kai kimanin giram 42 ta fi yiwuwar fasa babban ƙashi, kuma kan da aka wasa ta gefe ɗaya kawai yakan murɗa yayin da yake shiga, ya tsaga ƙashin maimakon ya maƙale a ciki.

Zaɓen Kan Kibiya

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da sharuɗɗa huɗu. Na farko shi ne irin ƙarfen. A da maƙera kan narka tama, yau kuwa tsofaffin ƙarafa suke saye. Ƙusa da rodin gini suna da sauƙin ƙira da araha, amma ƙarfe ne mai laushi wanda ba ya riƙe kaifi, kuma yakan naɗe idan ya bugi haƙarƙari. Araha ba ta ado. Sifirin mota ko tsohon magagari su ne ke karɓar tauri idan an tsoma su cikin mai suna ja wur. Sai dai maƙerin kirki ba ya tsayawa nan, yakan sake ɗumama ƙarfen kaɗan don ya rage masa gautsi, in ba haka ba zai fashe kamar kwalba. Gwaji mai sauƙi shi ne a goga magagari: in ya zame bai ci komai ba, taurin ya yi yawa, in ya nutse kamar a cikin dalma, laushin ya yi yawa.

Na biyu shi ne siffa. Kai mai baki biyu, mai kama da ganye ko kan mashi, wanda ke fara yanka tun daga tsininsa, shi ya fi dacewa da bakan da ƙarfin hannu kaɗai ke ja. Mai baki uku yana buɗe rauni mai faɗi, amma yana bukatar ƙarfi fiye da haka kafin ya shiga. Shahararren maharbin nan na Amurka, Howard Hill, ya fi son tsawon kai ya ninka faɗinsa sau uku, domin dogon kai a hankali yake buɗa hanya, gajere mai faɗi kuwa turawa yake yi. Tsinin kuma kada a ja shi ya zama kamar allura, gara a ɗan daƙile shi kamar bakin kurfi don kada ya lanƙwashe.

Na uku shi ne dacewar kai da jiki da baka. Nan ne mai kwaikwayo ba tunani zai sha kunya. Idan aka ɗora faffaɗan kai a kan siririn kyauro marar gashi, kan zai kama iska ya karkatar da kibiyar. Faffaɗan kai yana bukatar jiki mai ƙwari, da gashin tsuntsu a gindi wanda zai riƙa daidaita tafiya, da baka mai ƙarfin da zai tura nauyin. Wanda bakansa ba shi da wannan ƙarfi sai ya tsaya ga zomo da zabo da gada, ya kuma matsa kusa kafin ya saki.

Na huɗu shi ne zaman kai a kan jiki. A tsayar da kibiya a kan tsininta bisa katako a murza ta. In ta juya lafiya lau, ta zauna daidai, in tana rawa, a kwance a sake ɗaurawa. Mahaɗar nan ta ƙarfe da kyauro ita ce inda kibiya ta fi karyewa, saboda haka naɗinta ba wurin gaggawa ba ne.

Washi

Maƙeri yana ƙera kai, amma kaifi aikin maharbi ne, kamar yadda wanzami ba ya aika askarsa wani gida a wasa masa. Kayan aikin uku ne, wato magagari da dutsen washi da fata. Da farko a shafa baƙin tukunya a bakin ƙarfen don a riƙa ganin inda magagari ke ci. A kafa kan a kan katako, a riƙa tura magagari gaba kawai, ba a ja da baya, kuma hannu ya tsaya a kan karkata ɗaya daga farko har ƙarshe. Yawancin masu wasa kibiya suna zaɓar karkatar da ba ta yi nisa da digiri 25 ba. In ta kwanta ƙwarai bakin zai yi siriri ya karye, in ta miƙe ƙwarai ya zama na gatari. Ana ci gaba har sai yatsa ya ji wani ɗan ƙaiƙayin ƙarfe ya tashi a ɗaya gefen, tun daga tsini har gindi. Wannan ita ce alamar cewa gefunan biyu sun haɗu. Wanda ya tsaya kafin ya ji ta ya goge ƙarfe ne kawai, bai wasa ba.

Daga nan sai a koma kan dutse da ɗan ruwa ko mai, a riƙa sassauta hannu, ana juya gefe da gefe har ƙaiƙayin ya faɗi. A ƙarshe a ja bakin a kan fata ta baya-baya, yadda wanzamai ke yi. Akwai saɓani ko a tsakanin maharban Amurka, wasu na son a bar kaifin magagari mai 'yan haƙora, wasu na son a goge har ya yi sheƙi. Hujjar zubar jini da aka ambata a baya tana tare da masu gogewa. Gwajin kaifi kuwa uku ne: a ɗaga bakin a rana, in ya mai da haske a wani wuri to nan ya dakushe; a ɗora shi a kan farce, in ya kama bai zame ba ya yi; a gwada shi a gashin hannu, in ya aske ba tare da an danna ba aiki ya kammala.

Kaifi kuma ba ya zama sai an tsare shi. Tsatsa takan cinye shi cikin 'yan kwanaki, musamman da damina, saboda haka a shafa masa ɗan man kaɗe ko kitse. Kawunan da ke gugar juna a cikin kwari suna dakusar da juna, ya kamata kowane ya sami ɗan kubensa na fata. Kibiyar da aka harba sau ɗaya, ko da ƙasa ta sama, ba ta komawa daji sai an sake wasa ta, kuma kibiyar koyo daban take da ta harbi. Duk wannan aikin daren jajibiri ne ko kafin nan, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Hujjojin Masu Dafi

Masu riƙo da dafi za su ce wannan gado ne, kuma da shi kakanni suka kayar da ɓauna da giwa. Gaskiya ne. Amma kakannin sun yi haka ne a lokacin da daji ke cike, ƙarfe kuma ke da tsada har ana tattalin kowane ɗan guntu. Yau ƙarfe ya yi yawa, nama ya yi kaɗan, manyan dabbobin ma doka ta hana taɓa da yawa daga cikinsu. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Za su kuma ce dafi yana rufa wa maharbi asiri idan hannunsa ya kuskure. Nan ma akwai gaskiya, sai dai wannan rufin asiri shi ne ke koya wa yaro sakaci, ya riƙa harbi daga nesa yana cewa ko ina ta samu ta yi. Ga kuma haɗarin da kowa ya sani, na kwari mai dafi a rataye a ɗakin da yara ke shiga, ko maharbi ya soki kansa a daji nesa da makari.

Wasu kuma za su ce wannan shigo da al'adar Turawa ne. Amsa ita ce, Bahaushe ya san faffaɗan kai mai baki biyu tun kafin ya ga Bature, ga shi nan a kan mashi. Umurnin wasa wuƙa kuwa ya fi shekara dubu da ɗari huɗu. Abin da aka ɗauko daga waje shi ne awo da gwaji kawai, kuma su ma masu awon daga hannun mutumin daji suka fara karɓar sana'ar.

Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa kan kibiya mai faɗi, na ƙarfe mai kyau, wanda ya dace da jikinsa da bakansa, aka kuma wasa shi har yana aski, ya fi dafi sauƙaƙa wa dabba, ya fi shi tsare halaccin nama, ya kuma fi shi rage asara. Ya kamata sarakunan baka su sa washi cikin abubuwan da ake gwada yaro da su kafin a yarda ya shiga daji shi kaɗai, maƙera kuma su faɗa wa mai saye gaskiyar ƙarfen da suka yi aiki da shi. Ɗaliban Hausa su ma suna da rabonsu, domin sunayen ire-iren kibau da na sassansu da kalmomin ƙira da washi suna bakin tsofaffin da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya je hutu ƙauye ya zauna da maharbi da maƙeri ya rubuta abin da ya ji, kafin a wayi gari kwari da baka su rage a bakin maroƙa kaɗai.